Tashar wutar gas ta Maiduguri: yadda take aiki da inda zafinta yake tafiya

Duk ɗan Maiduguri da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal ya tuna shekarar 2021, lokacin da in ka kira gida sai a ce wayar tana wurin mai caji. A watan Janairun shekarar ne 'yan ta'adda suka fasa turakun babban layin wutar da ya taso daga Damaturu zuwa Maiduguri. Kamfanin TCN ya gyara, wuta ta dawo a watan Maris, bayan 'yan kwanaki aka sake fasa su. Mu a Hausari mun ji a jikinmu: telan da ba shi da janareto ya koma keken ƙafa, mai walda ya zauna, ƙanƙara kuwa ta zama sai mai hali.

Matsalar ita ce Maiduguri tana can wutsiyar layin wutar ƙasa. Wutar da muke sha daga nesa take tasowa, ta ratso daji, in an yanke ta a wuri ɗaya shi ke nan. Shi ya sa kamfanin NNPC, a zamanin Mele Kyari, ya ɗauki nauyin gina tasha a cikin garin kansa, a hanyar Baga. A watan Agustan 2021 aka sa hannu a kwangilar da kamfanin CMEC na ƙasar Sin da General Electric na Amurka, shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta ranar 2 ga Maris, 2023. An tsara ta ne a kan megawat 50: kashin farko 32, sannan a ƙara 18. Kamfanin YEDC na Yola shi ke raba wutar ga gidaje da shaguna.

Injin da ke cikinta, TM2500, asalinsa daga injin jirgin sama aka samo shi. Yana zuƙar iska ya matse ta, a haɗa da gas a kunna, hucin ya juya farfela, farfela ta juya janareto. To amma a nan ne asarar take. A irin wannan inji, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ƙarfin gas ɗin yake zama lantarki. Sauran fita yake ta bututun hayaƙi, da zafin da ya kai digiri 500 ko kusa da haka. Kamar ka yanka sa ne ka ɗauki cinya ɗaya, ka bar wa ungulu sauran.

Hanya biyu ake bi a kamo wannan zafin. Ta farko, a tafasa ruwa da shi, tururin ya juya wani injin daban, a sami ƙarin wuta ba tare da an ƙona ƙarin gas ba. Megawat 18 ɗin da ke cikin tsarin Maiduguri daga nan ake nufin su fito. Haka tashar Okpai ta jihar Delta da Afam VI ta jihar Ribas suke aiki, kuma irinsu sukan ci moriyar fiye da rabin gas ɗin.

Hanya ta biyu ita ce a sayar da zafin kansa tare da wutar, wato tasha ɗaya, kaya biyu. A ƙasashen sanyi irin su Denmak da Rasha, bututu ake ja daga tasha a kai ruwan zafi gidaje don ɗumama ɗaki. Masana'antu kuma tururin suke so: matatar mai, kamfanin sukari, masaƙa. In an haɗa wuta da zafi haka, ana iya cin moriyar kashi 80 cikin ɗari na gas ɗin. Ba shakka babu mai neman ɗumin ɗaki a Maiduguri a watan Afrilu. Sai dai akwai na'urar sanyaya kaya da ke aiki da zafi maimakon lantarki, irin tsarin tsohon firijin kananzir da iyayenmu suka sani. A ganina nan ne rabonmu yake. Garin da ke da Kasuwar Shanu da kasuwar kifi ta hanyar Baga, da yana da babban ɗakin sanyi a gefen tashar, da wani naman a yanke zai riƙa isa kudu, ba sai saniya ta kwana biyu ko uku a tsaye cikin tirela tana ramewa ba. Wanda ya taɓa rako shanu zuwa Legas ya san abin da nake faɗa.

Sai maganar gas ɗin kansa, wadda ita ce raunin tashar. Babu bututun gas da ya zo Borno. Bututun AKK da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta ya taso ya bi ta Kaduna ya tsaya a Kano. Don haka a mota ake kawo mana. Kamfanin Greenville yana sanyaya gas a Rumuji ta jihar Ribas har ya kai kusan digiri 162 ƙasa da sifili, ya zama ruwa, girmansa ya ragu sau 600, sannan a ɗura a tankoki na musamman. A nan Maiduguri a sake ɗumama shi ya koma iska kafin ya shiga inji. Wato a kan hanyoyin da shanunmu ke gangarawa kudu, a kansu gas ɗin ke haurowa. Gada ta karye ko hanya ta toshe, wutar Hausari ce za ta ji. Kuɗin dakon ma a kan farashin wutar yake hawa.

Kuma megawat 50 ba za ta maye gurbin layin ƙasa ba, tallafa masa take yi. Amfanin tashar da ke cikin gari shi ne wutarta ba ta bin dajin Damaturu, kuma tana taimakawa wajen ɗaga ƙarfin wuta a ƙarshen dogon layi, inda aka saba ganin ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, injin niƙa yana gurnani ya kasa tashi.