Rumbun da Aka Haƙa Cikin Ƙanƙara

Can ƙuryar arewacin duniya, bayan an wuce ƙasar Norwe an ratsa teku, akwai wasu tsibirai da ake kira Sibalbad. Babbansu shi ne Sifitsbajin, ma'ana duwatsu masu tsini. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Holan, Willem Barentsz, shi ya raɗa wannan suna a 1596, lokacin da ya ci karo da wurin yana neman hanyar zuwa ƙasar Sin ta arewa. A wannan zamani Katsina tuni birni ne mai ganuwa, fatake na shige da fice, amma can babu ɗan Adam ko ɗaya da ke zaune.

Mai karatu, in kina kukan hunturu kina neman garwashi, to saurara. Kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙasar nan ƙanƙara ce ta lulluɓe ta, rani da damina. Babu itace ko na inuwa, sai 'yan ciyayi da suke manne da ƙasa. Rana kan faɗi a ƙarshen watan Oktoba, ba a sake ganinta sai tsakiyar Fabrairu. Daga Afrilu kuwa zuwa Agusta sai ta ƙi faɗuwa sam.

Duk da haka Allah bai bar wurin ba halitta ba. Akwai wata barewa gajera mai kauri, tana tona ƙanƙara da kofato ta ci abin da ke ƙasa. Akwai irin yanyawa, wadda gashinta kan koma fari fat in sanyi ya zo. Akwai ƙatuwar dabbar ruwa mai haure biyu, kamar dorina. Sarkinsu duka shi ne farin beyar, wanda har yau ba a fita bayan gari sai da bindiga saboda shi.

Abin da ya fi ci min rai a tarihin wurin shi ne ɓarnar da aka yi wa dabbobin nan. Ba a jima da gano tsibiran ba, Turawan Ingila da na Holan suka yi musu caa. Manyan kifayen nan masu shayarwa suke bi, su kashe, su narka kitsen a tukwane su kai gida a kunna fitila a yi sabulu. 'Yan Holan har sansani suka kafa, Simirenbag, wato garin kitse. Kafin a ankara kifin ya ƙare a bakin gaɓa, sai suka watse suka bar kaburbura. Mai hauren ma sai da aka kusa ƙarar da ita kafin a hana kashe ta a 1952. Farautar beyar ba a hana ba sai 1973, shekarar da fari ya kassara mu a nan.

Sai kuma kwal. Wani Ba'amurke, John Longyear, ya fara haƙa a 1906, garin Longyearbyen sunansa ya ci. A 1920, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sa hannu a birnin Paris aka damƙa wa Norwe mulkin tsibiran.

To ina ruwan Bakatsiniya da duk wannan? Akwai fa. A watan Fabrairun 2008 aka buɗe wani rumbu cikin dutse kusa da garin nan, ana ajiye irin shuka na duniya a sanyin da ya kai awo 18 ƙasa da sifiri. Cikin akwatunan farko da suka isa har da na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan: wake, masara, waken suya da gurjiya. Gero da dawa ma suna ciki. Duk wadda ta ji labarin yunwa daga bakin kakarta ta san ranar da aka daka iri aka ci, ranar gida ya mutu. Kuma rumbun ya yi rana, don a 2015 masu binciken da yaƙin Siriya ya raba da ma'ajiyarsu ta Halab sun karɓo irinsu daga can, suka shuka a Labanon da Maroko.

Sai dai ƙanƙarar da aka dogara da ita ta soma saki. Wurin na ɗumama fiye da yawancin sassan duniya. A 2016 ruwa ya kwarara cikin hanyar shiga rumbun, bai dai kai ga irin ba, sai da aka sake gyara. A watan Yulin 2020 zafi ya haura awo 21 a Longyearbyen. Ƙanƙarar teku kuma, wadda beyar ke tsayawa a kai ya yi farauta, kan makara wajen daskarewa, shi ya sa ake ganinsa yana bin tudu yana fasa ƙwan tsuntsaye.