Wa Ya Sa Wa Piyano Wando?

An daɗe ana cewa Turawan Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kunyarsu ta kai har suna ɗinka wa ƙafafun piyano da na tebur wando, wai kada baƙo ya ga ƙafa tsirara zuciyarsa ta raya masa wani abu. Maganar ta yi ta yawo har ta zama kamar abin da kowa ya gani da idonsa. To, wa ya gani?

In ka bi sawun zancen, Amurka zai kai ka. Kyaftin Frederick Marryat, tsohon hafsan sojan ruwan Birtaniya kuma marubucin labaran teku, ya zaga ƙasar a 1837 da 1838, ya fitar da littafin tafiyarsa, A Diary in America, a 1839. A ciki ya ba da labarin wata budurwa da ta zame a kan dutse a magangarar ruwan Niyagara ta kurje, shi kuma ya tambaye ta ko ƙafar ta ji ciwo sosai. Sai ta ɗaure fuska, don a wurinta ambaton ƙafa a gaban mace rashin ta ido ne. Daga nan ya ce ya shiga wata makarantar 'yan mata, ya tarar da piyano, ƙafafunsa huɗu kowace da ɗan wandonta, har da ado a baki.

Ke nan ɗan Ingila ne ke yi wa Amurkawa shaƙiyanci, masu karatu a Landan na tuntsira dariya. Irin wannan rubutu yayi ne a lokacin. Marubuciya Frances Trollope ta riga shi da nata littafin a 1832. Ko uwar makarantar kare katakon take yi daga ƙura, ko Marryat ne ya ƙara gishiri, wannan sai shi. Ni dai mutumin da ke cin abinci da labari ba na karɓar shaidarsa shi kaɗai.

Reshe ya juye da mujiya bayan mutuwar sarauniyar. Sababbin marubuta, irin su Lytton Strachey mai Eminent Victorians na 1918, suka mai da zagin kakanni ado, sannu a hankali wandon ya tsallako teku aka rataya wa waɗanda suka fara yin dariyar. Matthew Sweet ya warware wannan ƙulli a littafinsa Inventing the Victorians na 2001.

Gaskiya ne gidajen zamanin cike suke da yadudduka masu geza a kan tebur da kan murhu, amma hayaƙin kwal da son ƙawa sun isa dalili. Piyanon kuwa da yawa suna nan har yau, da ƙafafu masu kauri da lanƙwasa da sassaƙar furanni, aikin da kafinta ya caji kuɗi mai tsoka a kansa don baƙi su gani su yaba.