Wa Zai Karanta Hoton Cikinmu?

Ƴan uwa ɗalibai, a nan Arlit idan mutum ya ce cikinsa na masa zafi, kafin ya rufe baki an raɗa wa cutar suna. Wani ya ce gyambon ciki ne, wani ya ce ruwan garin ne, wani ya ce shan shayi ne ba a ci komai ba. Duk hasashe muke yi, tunda babu wanda ya leƙa. Wannan ya sa na zauna na bi diddigin tambaya guda: yaushe ɗan Adam ya fara leƙa cikin mai rai, kuma yaya ya koyi gane abin da ya gani?

Labarin ya faro ne da mai wasan haɗiyar takobi. A 1868, a garin Firaibag na Jamus, likita Adolf Kussmaul ya nemo irin wannan mutum ya zura masa bututun ƙarfe miƙaƙƙe har cikin tumbi. Bututun ya shiga, amma hasken fitila bai kai ƙasa ba, ba a ga abin kirki ba. A 1923 Rudolf Schindler ya fitar da littafi ɗauke da zane-zanen fatar cikin tumbi, mai lafiya da marar lafiya, don masu koyo su san abin da za su nema. A 1932 ya fito da bututun da ƙarshensa ke ɗan lanƙwasawa. Ku lura da wannan jeri: littafin koyar da ido ya riga bututun kirki zuwa da shekara tara.

Sai 1957, shekarar da ta shafe mu ta hanya uku. A Mishigan ta Amurka, Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu, ya haɗiye bututu mai zaren gilashi da kansa kafin ya gwada a kan majiyyaci. Daga nan bututun duba ciki na zamani ya samo asali. A shekarar ce Marvin Minsky ya nemi rajistar wani madubin ƙara girma da ke ɗauko haske daga zurfi ɗaya tak, ya watsar da sauran. A shekarar ce kuma masu binciken ƙasa na Faransa suka ci karo da uraniyum a Azelik. Abin da ya biyo baya mun san shi: SOMAIR a 1968, garin Arlit a 1969, COMINAK a 1974, Akokan ta tashi a gefenta.

To amma samun bututu daban, iya gani daban. A 1954 wani babban likita a Amurka, Eddy Palmer, ya duba guntayen naman tumbi fiye da 1,000 ya ce babu ƙwayar cuta da ke zaune a wurin. Aka yarda da shi, aka koyar da ɗalibai haka shekara da shekaru. Sai a 1979 Robin Warren, a garin Pas na Ostareliya, ya lura da wasu ƙwayoyi masu murɗiya a kan fatar tumbi, ya rina su da sinadarin azurfa suka fito ɓaro-ɓaro. Shi da Barry Marshall suka nace cewa su ne ke kawo gyambo. Da aka ƙi saurarensu, a 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan ƙwayar, ciwo ya kama shi. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ƙwayar nan, Helicobacter pylori, tana nan tun zamanin Palmer, idanu ne ba a koya musu nemanta ba.

Mu ma yankinmu ya shiga wannan tarihi. Wani likita ɗan Ingila, Chris Holcombe, da ya yi aiki a asibitin koyarwa na Maiduguri, ya iske kusan kashi 85 cikin 100 na mutanen da aka gwada jininsu sun haɗu da ƙwayar, tun suna yara. A 1992 ya wallafa mamakinsa cewa ƙwayar ta yi yawa amma sankarar tumbi ba ta yi yawa yadda aka zata ba. Daga baya wasu masana suka yi masa tambaya mai nauyi: cutar ce ba ta da yawa, ko masu dubawa ne ba su da yawa? Inda ba a zura bututu, ba a yanki nama an kai labo ba, cutar ba ta shiga lissafi.

Yanzu mu zo kan sabon abu. A 2004 Ralf Kiesslich da abokan aikinsa a Mains ta Jamus suka nuna cewa za a iya haɗa bututun Hirschowitz da madubin Minsky. Ana yi wa majiyyaci allurar wani rini mai ƙyalli a jijiya, hasken leza ya taɓa fatar hanji, hoton ƙwayoyin halitta ya fito a allo nan take, an ƙara girmansa kusan sau 1,000. Wani kamfanin Faris, Mauna Kea Technologies, ya yi siririyar igiya mai suna Cellvizio da ke bi ta ramin bututun da aka saba. Abin da a da sai an yanki nama an jira kwanaki, yanzu ana iya hango shi majiyyaci na kwance.

Matsalar ita ce hoton. Fari da baƙi ne, yana motsi da numfashi, kuma faɗin abin da ake gani bai kai rabin milimita ba. Ga wata wahalar: a labo ana yanka nama ne a tsaye, a ga hawa-hawansa, shi kuwa wannan hoto daga sama yake kallo. Mu ƴan Arlit za mu fi kowa gane bambancin. Wanda ya tsaya a gindin ramin haƙa yana kallon bango yana ganin shimfiɗar duwatsu ɗaya bisa ɗaya. Wanda ya leƙo daga jirgi da'ira kawai yake gani. Rami ɗaya ne, amma sai ka saba kafin ka haɗa su a kai.

Saboda haka ake fara wa sabon shiga da hanji mai lafiya. Ramukan fatar babban hanji suna fitowa a zagaye, a jere, kamar saƙar zuma, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe na ƙwayoyin da ke fitar da majina. Idan kumburi ne, tazara ta ƙaru, rinin ya yoyo. Idan tsiro ne mai haɗari, jerin ya wargaje, gefen ya yi kauri ya yi duhu, jijiyoyin jini su karkace. Masana suka tsara waɗannan alamu, na Mains da farko, sannan na Mayami bayan taron 2009. Daga nan sai maimaici: a nuna maka bidiyo, ka faɗi hukuncinka, a nuna maka sakamakon labo, a gyara ka. Wani bincike da Anna Buchner ta jagoranta aka wallafa a 2011 ya gwada likitoci 11 da bidiyo 76. A ashirin na farko sun dace da kashi 63 cikin 100, a rukunin ƙarshe sun kai 86. Wallahi wannan lissafi ya tsaya mini a rai. Bidiyo 76 fa, ba shekara goma ba.

Me ya haɗa mu da duk wannan? Tarihin garinmu ne ya haɗa mu. An gina Arlit da asibitocin kamfani, a lokacin da manyan muƙamai na fasaha ke hannun baƙi, iyayenmu kuwa na leburanci. A hankali ƴan ƙasa suka shiga makarantar ma'adinai ta Agadas da sauran makarantu, suka koyi karanta dutse har suka riƙe aikin. Gardamar lafiya kuwa ba ta mutu ba. Ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen ta ɗaga murya, CRIIRAD ta zo aune-aune a 2003, Greenpeace ta zo a 2009. A Disamba 2011 aka buɗe OSRA don bin lafiyar tsofaffin ma'aikata, bayan shekara guda ƙungiyar Sherpa ta janye daga yarjejeniyar tana cewa ba ta gamsu ba. Ƙashin bayan wannan gardama shi ne wa ke riƙe da hoton radiyo da takardar labo, wa ke da ikon cewa ga abin da suka nuna. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, tambayar ta ƙara nauyi.

Ku tuna kuma da nisa. Agadas kilomita wajen 240 ne, Yamai fiye da 1,000, ga hanyar Tawa yadda kuka san ta. Rajistar sankara ta ƙasa, wadda aka kafa a 1992, tana labo ɗin jami'ar Yamai. Duk abin da bai isa can ba, da wuya ya shiga littafin. Garin da ke nesa haka ya fi kowa buƙatar idon da zai yanke hukunci a wurin.

Na'urar leza tana da tsadar gaske, ko a Turai manyan asibitoci ne ke da ita, ba na cewa gobe za ta sauka a Akokan. Amma matakin farko ba ya buƙatarta. Madubin ƙara girma na lise ya isa a koyi siffar ƙwayar halitta, kuma hotunan hanji mai lafiya da marar lafiya suna intanet kyauta. Ku masu shirin bak a seri D, maza da mata, ku sa wannan fanni cikin lissafinku: likitan ciki, likitan duba nama a labo, ko mai taimaka musu. Ina ba da shawara a zamanmu na gaba kowa ya zo da hoto ɗaya a wayarsa, mu rufe bayanin da ke ƙasa, kowa ya faɗi abin da ya gani, sannan mu buɗe mu ga wa ya dace.