Abin da ya bambanta Gure da Aljer

A nan Gure, Nasara bai taɓa riƙe gona ba. Kumandan ne da sojojinsa, suna karɓar haraji a ƙasar Muniyo, wa'adinsu ya cika su tafi. Shi ya sa ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta karɓi 'yanci babu harbi.

Aljeriya kuwa, Turawa kusan miliyan ɗaya aka haifa ko suka zauna can tun bayan mamayar Faransa ta 1830. Gonakin inabi na Mitija, da aka ƙwace daga Larabawa, suna hannunsu, ƙuri'ar mutum ɗayansu ta rinjayi ta Musulmi da dama. Wannan suka ƙi saki. Sojojin Faransa da suka sha kashi a Indoshin a 1954 suka mara musu baya.

A 1961 suka kafa ƙungiyar 'yan bindiga ta OAS, Janar Salan ya shugabance ta. Bam a kasuwa, harbi a bakin titi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kisan da OAS ta yi wa malamin makaranta kuma marubuci Mulud Fira'un, ranar 15 ga Maris 1962, kwana uku kafin yarjejeniyar tsagaita wuta ta Ebiyan. Tsoron Turawan gaskiya ne, amma zalunci suka kare da jini.