Littafin da Aka Rubuta da Allura

A shekarar 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, daga baya aka gina sabuwa a gurbinta. Mutanen Kano sun yi jimami, domin ƙofa abu ce da ido ke gani idan ta faɗi. Akwai kuwa wani gado a cikin lungunan da ke bayan wannan ƙofa wanda ke zubewa ba tare da ƙara ba, wato ilimin ɗinkin hannu na babbar riga.

Sana'ar ba ta taɓa dogara ga littafi ba. Yaro yakan zauna a zaure gefen maigidansa, ya fara da zare allura, ya wuce zuwa cike gurbi, sai bayan shekaru a sakar masa aljihun riga. Kafin allura ta taɓa yadi, sai mai zane ya shata fasalin aikin da alƙalamin kara da tawada, irin waɗanda ake rubutun allo da su. Ba abin mamaki ba ne, domin da yawa daga cikin maɗinkan malamai ne da almajirai, waɗanda ɗinki ya riƙe su a kan karatu ba tare da sun miƙa hannu ga kowa ba. Sunayen aikin kuwa a ka suke: aska biyu, aska takwas, gidan biyar, dagi, da tambarin da ke murɗe a bayan riga. Tsohuwar riga ita ce abin kwaikwayo. Idan ta mutu, shafi guda ya tafi ke nan.

Zaren kansa tarihi ne. Tsamiya siliki ce ta gida, daga saƙar wata tsutsa da ke rayuwa a jikin itacen tsamiya, mata ne ke dafa ta su kaɗa. Alharini kuwa a kan raƙuma yake ƙetaro Sahara daga Tarabulus. Da Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar da birni mai rayuwa a kan saƙa da rini, har ya ƙiyasta cewa kayan raƙumi ɗari uku na tufafin Kano ke isa Tumbutu duk shekara. Ya kuma lura da darajar rigunan Nufe a kasuwa, abin da Bakano ba ya cika son a tuna masa. A zamanin Daular Usmaniyya riga ta wuce sutura: da ita sarki ke naɗi, da ita yake tukwici, ita ake aikawa gaisuwa Sakkwato.

Littattafan da suka adana wannan ilimi sun zo a makare, kuma da bakin baƙi. David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi maɗinka yana tattara zane da sunaye. Ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kammala kundin digirinsa kan ɗinkin tufafin Hausawa a 1979. Colleen Kriger ta biyo baya da littafinta kan tarihin tufafi a Afirka ta Yamma a 2006. Aiki ne nagari, sai dai da Turanci yake, kuma maɗinkin da aka ɗebi ilimin daga bakinsa ba shi aka rubuta wa ba.

A halin yanzu keken ɗinki ya daɗe da shiga zaure, injin da kwamfuta ke sarrafawa ya biyo shi, yana gama aikin watanni cikin yini. Injin yana fitar da aska takwas ɗin sak, amma a wurinsa lamba ce a cikin jeri. Ranar hawan Sallah har yanzu ana ganin rigunan hannu a jikin hakimai. Matashin da ke kallo daga bakin titi yana iya faɗin kuɗin rigar. Da wuya ya ambaci sunan aiki uku daga cikin waɗanda ke ƙirjinta.