Sifirin Mai Tudu da Kwari

Sifirin ƙarfe ne da ake dannewa ya koma yadda yake. Mai tudu da kwari kuwa wani nau'insa ne da ake yi da siririn ƙarfe mai faɗi kamar ɗan madauri, a lanƙwasa shi sama da ƙasa, sannan a naɗe shi zobe-zobe, tudun kowane zobe ya zauna a kan na ƙasansa. Yakan ɗauki nauyin da naɗaɗɗen sifirin na waya ke ɗauka, a wurin da tsawonsa bai wuce kusan rabi ba.

Littattafai da dama sukan ce Peter Henlein na birnin Nuremberg ne ya fara sa sifirin a agogo a farkon ƙarni na 16. Wannan magana ba ta da tushe mai ƙarfi, domin akwai agogo mai sifirin da aka yi wa Philip, sarkin Burgundy, wajen 1430, yana nan a gidan tarihi a Nuremberg ɗin. Abin da ba gardama a kansa shi ne ƙa'idar Robert Hooke na Ingila, wanda ya bayyana a 1678 cewa miƙewar sifirin daidai take da ƙarfin da aka ja shi. Ana yawan ambatar 1763 a matsayin shekarar da R. Tradwell ya yi rajistar naɗaɗɗen sifirin, amma rajista daban, ƙirƙira daban. A 1804 Obadiah Elliott ya yi rajistar sifirin mai falle-falle na keken doki, kakan wanda ke ƙarƙashin manyan motoci. Na motocin ne maƙeranmu ke saye in ya karye, su ƙera adda da gatari, don sun san irin ƙarfensa.

Cikin waɗanda suka tunkari matsalar ƙarancin wuri akwai Julien Belleville na Faransa, da rajistarsa ta 1867: ɗan faifan ƙarfe mai doro kamar murfin tukunya, gajere, amma mai taurin tsiya. Mai tudu da kwari ya fi shi laushi, kuma kamfanin Smalley na jihar Illinois a Amurka ne ya yi suna da nau'insa mai hawa-hawa a rabin ƙarshe na ƙarni na 20.

A Maiduguri naɗaɗɗen ne ido ya saba gani, musamman tun da aka hana babura a watan Yulin 2011, Keke Napep ya cika titi. Mai tudu da kwarin ɓoye yake. Mai gyaran injin ban ruwa ko fanka a Jiddari Polo, in ya kwance motar injin, yakan tarar da shi, wani siririn zobe a karkace, bayan boris. Yaron shago sai ya ɗauka washa ce ta lanƙwashe, ya ɗauko guduma zai miƙe ta. In ya miƙe ta, boris ya samu wasa, injin ya dinga kuka.