2.3 Tarihin Ma'aunan Bayanai a Kwamfuta da Asalin Saɓanin Kilo

Kafin a shiga nazarin yadda Hausa ta ari kalmomin kilobayit da megabayit da gigabayit, ya kamata a waiwayi tarihinsu a taƙaice, domin saɓanin da ke cikin ma'anarsu ba a Hausa ya samo asali ba. Tun daga gida suka zo da shi.

Mafi ƙanƙantar ma'auni a kwamfuta shi ne bit, wato alama guda wadda ba ta wuce ɗayan biyu, ko 0 ko 1. Wani masanin lissafi Ba'amurke mai suna John Tukey ne ya ƙirƙiro kalmar, sannan Claude Shannon ya yaɗa ta a wata maƙala da ya buga a shekarar 1948. Kalmar bayit kuwa Werner Buchholz na kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1956. Da farko bayit ba shi da tsayayyen girma, kowace na'ura da nata. Sai da IBM ya fito da kwamfutocin System/360 a 1964, suka kuma sami karɓuwa ƙwarai, sannan aka tsaya a kan cewa bit 8 shi ne bayit guda.

Matsalar ta kunno kai ne lokacin da ake neman sunan da za a kira bayit masu yawa. Kalmar kilo ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Faransawa ne suka aro ta daga Girkanci, suka sanya ta cikin tsarin awonsu a 1795, kuma ma'anarta 1,000 ce cif, kamar yadda ake gani a kilomita da kilogiram. To amma ƙwaƙwalwar kwamfuta da bibbiyu take ƙirga, wato 2, 4, 8, 16, har zuwa 512, sai 1,024. Da injiniyoyi suka ga 1,024 ta yi kusa da 1,000, sai suka ara mata sunan kilo don sauƙin magana. A ganin mai wannan nazari ba su yi wani babban laifi ba a wancan lokaci, domin rarar ba ta wuce kashi 2.4 cikin ɗari ba.

Sai dai kuma rarar ba ta tsaya nan ba, hauhawa take yi a kowane mataki. Megabayit a lissafin bibbiyu bayit 1,048,576 ne, ba miliyan guda ba. Gigabayit kuwa 1,073,741,824 ne, inda bambancin ya haura kashi 7 cikin ɗari, a terabayit kuma ya kusa kashi 10. Masu ƙera ƙwaƙwalwa suka riƙe 1,024, masu ƙera faifan ajiya kuwa suka riƙe 1,000. Abin ya zama kamar mudu biyu a kasuwa guda, kowa da wanda yake awo da shi, alhali sunan ɗaya ne.

Babu misalin da ya fi nuna wannan ruɗani kamar faifan fulofi mai inci uku da rabi, wanda IBM ya yaɗa daga 1987, aka rubuta masa megabayit 1.44. Ainihin abin da yake ɗauka bayit 1,474,560 ne, wato 1,440 sau 1,024. Idan aka auna da miliyan zai ba da 1.47, idan kuma aka auna da 1,048,576 zai ba da 1.41. Ashe lambar 1.44 ba ta wannan tsari ba ce, ba kuma ta wancan ba. Gauraya su aka yi, aka raba da 1,024 sannan aka sake rabawa da 1,000.

A watan Disamba na 1998 hukumar duniya mai daidaita ma'aunan lantarki, IEC, ta amince da sababbin sunaye na lissafin bibbiyu, wato kibi da mebi da gibi da tebi, domin kilo da mega da giga su koma ma'anarsu ta asali. Jama'a ba su rungumi sunayen sosai ba. Har kotu maganar ta kai a Amurka, inda masu saye suka yi ƙarar cewa faifan da aka sayar musu bai cika ba, kuma kamfanin Western Digital ya yi sulhu da su a 2006. Kamfanin Apple ya mayar da lissafin kwamfutocinsa kan 1,000 a 2009, amma Windows ya ci gaba da raba girman fayil da 1,024 yana kuma kiransa gigabayit. Shi ya sa faifan da aka rubuta wa gigabayit 500 yake nuna kusan 465 idan aka haɗa shi da Windows, ba tare da ko bayit guda ya ɓace ba.

Wannan tarihi ya shafi mai fassara kai tsaye. Idan ya fassara kilobayit da "bayit dubu ɗaya", ya yi daidai a littafin mai sayar da faifai, amma ya yi kuskure a littafin da ke bayanin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Har ila yau akwai bambancin bit da bayit, wanda rubutun Turanci ke nunawa da ƙaramin harafin b da babban B, bambancin da kunne ba ya ji idan aka ce "mega" kawai. Saurin intanet da megabit ake auna shi, don haka layin da aka ce yana da mega 8 a daƙiƙa, megabayit guda ne yake saukewa. Saboda haka a babi na uku, duk inda waɗannan kalmomi suka fito za a nuna ko da 1,000 aka yi lissafin ko da 1,024.